Ranar da ƙanena ya ce raƙumin dawa ƙarya ne

A hutun da ya wuce ina zaune ƙofar gidanmu a Birnin Tsaba bayan la'asar, ina ta faman latsa waya kamar yadda muka saba, sai ƙanena ɗan shekara tara ya leƙo ta kafaɗata. Bidiyon raƙumin dawa nake kallo, ya ware ƙafafunsa na gaba, ya sunkuyar da dogon wuyan nan yana shan ruwa. Yaro ya kalla ya kalla, sai ya bushe da dariya ya ce, "Yaya, kai ma sun yaudare ka. Wannan ai haɗi ne, AI ce ta yi shi."

Na ce masa dabba ce ta gaske, haka Allah Ya halicce ta. Ya ce in da gaske ne, a ina take? Me ya sa Baba bai taɓa ganinta a kasuwar Shinkafi ba, alhali can ake kai raƙuma? Na rasa ta cewa. Kakanmu da ke kishingiɗe kan buzu yana jin mu ya ce, "Ƙyale shi. Mi yag gani balle shi yarda?"

Daga nan tsoho ya shiga lissafa mana abin da ya gani da idonsa lokacin yana saurayi: barewa da gada a bayan gonaki, mugun dawa yana tonon rogo, burtu yana takawa cikin ciyawa, gauraka a bakin fadama, kura tana kuka bayan gari har a rufe awaki tun da magariba. Ya ce ungulu kuwa ba a ma lissafa ta cikin abin kallo, don ranar kasuwa sai ta rufe mahauta. Na tsaya na tambayi kaina yaushe rabon da in ga ungulu. Wallahi na kasa tunawa. Kai mai karatu, tsaya ka tambayi kanka, yaushe rabonka da ita?

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na kawo shi wannan fili namu na matasa. Shawarata ita ce mu gina wa dabbobin nan wani abu a tsakiyar jama'a, a Ƙauran Namoda ko Zurmi ko Shinkafi, abin da yaro zai taɓa da hannu, ya taka da ƙafa, ya auna tsayinsa da shi, ya danna ya ji murya. Na san tuni wani ya fara rubuta mini kwament cewa gunki nake so a kafa a Zamfara, wani kuma zai ce ana kashe mutane kai kana zancen ungulu. Duka biyun zan zo kansu. Ku dai yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe.

Sun rage a baki kawai

Bahaushe bai iya magana ba tare da dabba ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ungulu ba ki jewar banza. In za a yi wa sarki kirari sai a kira shi zaki, ko toron giwa, ko ɓauna. Mu kanmu a WhatsApp, in aboki ya ci jarrabawa, sitikar zaki muke tura masa. To amma dabbobin da suka ba mu wannan magana fa?

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Giwayen ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai 500 ba. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa ɓacewa daga dazukanmu. Ita kuma ungulun nan ta gari da muka raina, tun 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun duniya ta sa ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa.

Labarin raƙumin dawa ya fi ba ni haushi. Irin na Afirka ta Yamma, wanda fatarsa ta fi ta sauran haske, masana kimiyya sun fara ba shi suna ne a 1898 daga wanda aka harbe a yankin Lokoja. Har gobe wasu littattafan Turawa suna kiransa raƙumin dawan Najeriya. Yau babu ko ɗaya a dajin ƙasar nan. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukansu a Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure mai nisan kamar kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta hana farautarsu, manoman yankin suka haƙura suka zauna da su duk da ɓarnar wake da suke yi, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. A Nuwambar 2018 aka kwashi takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.

Maraɗi fa! Nan maƙwabtanmu, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa su dawo. Dabbar da ƙanena ya ce kwamfuta ce ta zana ta tana nan tana kiwo a jihar da muke iyaka ɗaya da ita, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Me ya sa sai abin taɓawa?

A ajinmu na koyon aikin jarida an koya mana nazarin da McCombs da Shaw suka wallafa a 1972, wanda ya nuna cewa ƙarfin kafafen yaɗa labarai yana wajen zaɓar mana batun da za mu yi ta tunani a kai. Abin da aka ajiye maka a gaba kullum, shi kake ɗauka da muhimmanci. Waya ma tana wannan aikin, sai dai abin da ta nuna maka yanzu, kafin ka ƙifta ido babban yatsanka ya ture shi sama. Ga kuma sabuwar matsala: bidiyon ƙarya ya yi yawa har yara sun daina yarda da na gaskiya. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma gani a waya ya fara rasa wannan daraja. Abin da ke tsaye a hanyar makarantarka kuwa, kana wuce shi safe da yamma, kana jingina da shi, ba ya buƙatar data kuma ba a ture shi da yatsa.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A ranar 15 ga Maris 2018, wasu mata da miji masu sassaƙa daga Ostareliya, Gillie da Marc, suka kafa siffar karkanda uku ta tagulla a wani dandali a birnin New York na Amurka, ɗaya bisa ɗaya, tsayin kusan mita biyar. Siffar karkanda ukun ƙarshe ce da suka rage a duniya daga wani jinsi na farar karkanda, waɗanda ake tsaro a Kenya. An bar mutane su matso su taɓa, su ɗauki hoto, su bar saƙo don matsa wa ƙasashen da ake sayen ƙahon lamba. Kwana huɗu bayan buɗewa, namijin cikinsu mai suna Sudan ya mutu. Saura mata biyu.

A 2021 kuma aka jera giwaye 100 a wuraren shaƙatawa na Landan, kowace da girman giwa ta gaske. Mutanen ƙauyukan tsaunukan Nilgiri na kudancin Indiya ne suka saƙa su da reshen wani ciyayi mai suna lantana, wanda ke mamaye dajin giwayen yana kashe abincinsu. Aka sayar da su, kuɗin ya tafi aikin kare giwaye. A Uganda ma, kusa da gandun Murchison, matasa suna kwance tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa, su murɗa shi su yi kayan ado su sayar. Abin da ya burge ni a nan shi ne, da makamin ɓarnar aka yi aikin gyaran.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, masana na ƙiyasta shekarunsa da 6,000 zuwa 8,000. Wurin yau hamada ne, zanen ne shaidar cewa da can akwai ruwa da itatuwa. An zuba kwafinsa da alminiyom aka kafa a filin jirgin saman Agadas don kowa ya gani. A cikin hamadar Tenere kuma an yi wata bishiyar ƙaya tilo, wadda ayarin gishiri ke gane hanya da ita, babu wata a kusa da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa bishiyar ƙarfe a gurbinta.

Wannan bishiyar ƙarfe ita nake tsoro. Ihu ne bayan hari. Ba ta inuwa, ba ta 'ya'ya, sai dai ta gaya maka cewa da akwai wani abu a nan. In za mu gina wa ungulu da gauraka wani abu, mu gina tun suna da sauran numfashi.

A Najeriya ma an fara tunanin. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi da aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura naira biliyan tara, kuma ƙaramin ministan muhalli na lokacin, Iziaq Salako, ya ce da garin za a gina abin tunawa. Tunani ne mai kyau. Sai dai ko an gina shi da zinariya, ƙanena ba zai gan shi ba. Wanda zai yi masa amfani shi ne wanda ke hanyarsa ta zuwa Islamiyya.

"Gunki kake so a kafa mana?"

A'a. Kuma ban ɗauki wannan tambaya da wasa ba. Mu Musulmi ne, Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma hanin sassaƙa siffar abu mai rai sananne ne, tun muna 'yan Islamiyya aka karantar da mu. A Kano ma a 2021 Hisbah ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallan kaya. Duk wanda ya kwaso giwar tagulla irin ta Landan ko New York ya dasa a tsakiyar Ƙaura, ya nemi rigima ne kawai, kuma dabbobin da yake son karewa su za su kwashi baƙin jinin.

To amma wa ya ce sai an yi fuska da ido kafin a isar da saƙo? An ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya hana shi zana mai rai, ya nuna masa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Maginanmu da masu ɗinkin hula da masu sassaƙar ƙwarya sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba ado ba tare da sun zana fuska ba. Mu ma ga abin da nake gani a raina.

Na farko, sandar ƙarfe mai tsayin mita biyar da rabi, tsayin babban namijin raƙumin dawa, a yi mata fenti da irin dabbare-dabbaren fatarsa. A sa alama a daidai mita ɗaya da ɗigo takwas, a rubuta cewa tsayin jaririnsa ke nan ranar da aka haife shi. Yawancinmu za mu tsaya a gindinta mu ga jariri ya fi mu tsawo. A ƙasa a rubuta 49 da shekarar 1996, kusa da ita a rubuta adadin yanzu.

Na biyu, hanyar sawu a kan siminti. Sawun giwa, na zaki, na kura, na barewa, da na jimina mai yatsu biyu, kowane da ainihin girmansa. Yaro ya cire takalmi ya zura ƙafarsa cikin sawun giwa ya ga yadda ta ɓace a ciki. A farkon hanyar sawun ya yi yawa, yana tafiya yana raguwa, har ya kai inda babu komai sai sawun mutum. Maharbanmu sun san sawun nan kamar tafin hannunsu, su za su nuna wa magina.

Na uku, fukafukai biyu na ƙarfe a jikin bango, babu kai babu gangar jiki, faɗinsu daidai da na ungulu in ta buɗe, wato fiye da mita ɗaya da rabi. Ka tsaya a tsakiya ka ware hannu a ɗauke ka hoto. A samansu a rubuta aikin da take yi mana kyauta.

Na huɗu, akwatin murya mai aiki da sola. Ka danna nan ka ji kukan kura, ka danna can ka ji na gauraka, ka sake dannawa ka ji muryar wani tsohon maharbi yana ba da labarin dajin da ya sani, da Hausarmu ta Zamfara. Ba ya buƙatar intanet. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan a Satumbar 2021 mun san abin da ya dogara da sabis ba abin dogaro ba ne.

Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, a kai zanen gaban malaman gari. Abin da suka ce a cire, a cire. In limami ya gamsu har ya taɓo batun a huɗuba, ya tuna wa jama'a matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, to rabin aikin ya ƙare.

"Ana kashe mutane kana zancen ungulu"

Wannan ta fi zafi, kuma mai faɗinta yana da gaskiyarsa. Ni ɗan ƙaramar hukumar Zurmi ne. Babu gidan da bai karɓi ta'aziyya ba a yankinmu, babu wanda bai san wanda aka sayar da gona don a fanso shi ba. In zan tafi makaranta, mahaifiyata ba ta samun natsuwa sai na kira na ce na wuce Ƙaura. Ran mutum ɗaya ya fi dukan namun dajin duniya, ban yi musu ba.

Amma ku lura da wani abu. Ka ce wa yaron Zurmi "daji" yau, me zai zo masa a rai? Dumburum. Babura. Kuɗin fansa. A wurin kakanmu daji wurin zuma ne da ɗinya da kanya da magani da kiwo. Yaran unguwarmu in suna wasa yanzu, kashi biyu suke rabuwa, sojoji da ɓarayin daji, kowa da bindigar kara. Mun bari an ƙwace mana dajin, yanzu har ma'anar kalmar ana ƙwacewa. Yaron da bai san daji da wani alheri ba, ranar da zaman lafiya ya dawo, in sha Allahu, me zai sa ya damu in an sare shi an yi gawayi?

Dajin Kuyambana da ke yankin Ɗansadau an keɓe shi ne tun asali don namun daji, yana manne da gandun Kamuku na Birnin Gwari. Yau da me aka san shi? Ban ce ɓacewar giwa ce ta kawo 'yan bindiga ba, matsalar ta fi haka zurfi. Abin da nake cewa shi ne sakaci ɗaya ne ya haifi duka biyun. Dajin da babu ma'aikacin gandu, babu mai sintiri, babu wanda ke ganin nasa ne, duk wanda ya riga shiga shi ke da shi. Su ma mutanen Kure ba su tsira daga wannan bala'i ba, a Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, har da ɗan rakiyar masu kallon raƙuman. Duk da haka ba a watsar da aikin ba, a 2022 aka ƙara kai wasu raƙuman Gadabeji.

Sannan zancen ungulu zancen lafiyar mutum ne. A Indiya, daga tsakiyar shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar, don in suka ci mushen saniyar ƙodarsu ke lalacewa. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu da suka wallafa bincikensu a 2024 sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. A nan Najeriya babban abin da ke cin ungulu shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu da maganin gargajiya, sai guba da ake sa wa mushe, sai sare dogayen itatuwan da take sheƙa. Mu da ke zaune da dabbobi a cikin gida, asibiti kuma ya yi mana nisa, mu ne za mu fi kowa jin jiki in mai kwashe mana mushe ta tafi.

Kada ya zama wurin hoto kawai

Akwai wata suka da ni kaina nake yi wa shawarar tawa. Karkandan New York ma masu sharhin zane sun caccake su, wasu na ganin wurin ɗaukar hoto ne kawai aka yi wa masu yawon buɗe ido. Na san halinmu. Za mu je ranar Sallah, mu ware hannu a gaban fukafukai, mu ɗora a TikTok da waƙa, a yi mana layik dubu, gobe mu manta. In a nan abin ya tsaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganin shi ne kowane ɓangare ya zo da buƙata guda ɗaya mai sauƙi da mutum zai iya aikatawa. A wurin fukafukan: kada ka saya, kada ka sayar, kada ka nuna wa mai nema inda sheƙarta take. A wurin sawun: in ka ga ɗan barewa ko ɗan biri ana tallansa a tasha, kada ka saya don ka yi bidiyo da shi, sayenka ne ke sa a koma a kashe wata uwar. A wurin akwatin murya: yaro mai danƙo ya ji daga bakin maharbi cewa su ma maharban da suna da doka, ba sa harbin mai ciki, ba sa harbin mai shayarwa. Kuma a kira Sarkin Fawa da Sarkin Baka da shugaban masu maganin gargajiya tun ranar farko, a zauna da su cikin girmamawa. In aka mayar da su abokan gaba, an gama faɗuwa.

Batun kuɗi kuwa, ina roƙo kada a mayar da shi kwangila. Mun sha ganin abin da ake kashe wa miliyoyi a shataletale, a yanke kyalle, bayan damina biyu ya zama wurin liƙa fastar 'yan siyasa. Shataletale ma bai dace ba, don yaro ba zai tsallaka titi ya je ya taɓa ba. Harabar makarantar firamare ta fi, ko gefen filin ƙwallo, ko kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Ƙarfen yana wurin 'yan gwangwan. Masu walda da maƙera muna da su a kowace kasuwa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan Ƙauran Namoda cike da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu, ga aiki ya samu. In aka samu tsofaffin tarkuna da gatura da aka daina amfani da su aka narka a ciki, ya fi ma'ana. Kuɗin da za a tara a rubuta shi a fili, shige da fice, kowa ya gani a guruf.

Namu aikin, mu 'yan waya

Akwai ɓangaren da ba ya jiran siminti ko izinin kowa, kuma shi ya fi gaggawa. Tsofaffin da suka ga dajin nan da idonsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A wannan makon, ka samu kakanka ko kakarki ko wani tsohon maharbi a unguwa, ka gaishe shi, ka nemi izini, ka kunna rikoda. Tambaye shi dabbobin da ya gani, a wane wuri, wace shekara ce rabonsa da su, yaya kukansu yake, me ake ce musu da Hausar garinku. Minti goma ya isa. Ka ajiye, ka tura wa abokai, ka ɗora a shafinka da sunan garin. In mutum ɗari suka yi haka daga Shinkafi zuwa Moriki zuwa Dauran, mun samu abin zubawa a akwatin murya, mun kuma samu tarihin da babu shi a kowane littafi.

Na biyu, mu fara ƙirga ungulu. Duk wanda ya ga ɗaya, ya rubuta rana da gari, amma kada ya bayyana ainihin bishiyar da take kwana, don masu nemanta su ma suna Facebook. Na uku, masu iya zane a cikinmu su zana yadda suke ganin wurin zai kasance, mu yi muhawara a kai, a gyara, sannan mu ɗauka mu kai wa malamai da masu gari.

Ni na riga na fara. Na ɗauki muryar kakanmu minti goma sha bakwai, har da inda ya kwaikwayi kukan kura jikoki suka watse da gudu. Da na gama, na ɗauko gawayi da tef ɗin awo na tela, na ja layi a ƙasa tsawon mita biyar da rabi a ƙofar gida, na ce wa ƙanena ya kwanta a gefensa. Sai da muka jera yara huɗu kai da ƙafa kafin suka kusa cika layin. Ya tashi yana karkaɗe riga, ya kalli layin, ya kalle ni, ya ce, "Yaya, to in an samu lafiyar hanya za ka kai ni Maraɗin in gani?"

Na ce masa in sha Allahu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya sa in cika wannan alkawari, Ya sa kuma mu tarar da su suna nan.